Saita faifan samfefa a wani shagon sassaƙar ƙarfe a Bauchi: yadda aikin ya kasance

Duk wanda ya haɗa injin samfefa mai faifai a gida, wato ya sami injin lantarki ya ɗora masa faifan ƙarfe sannan ya manna samfefa a fuskarsa, zai tarar da cewa abin da ya fi cin rai a cikin aikin shi ne sa faifan ya juya ba tare da rawa ba. Masu walda a Bauchi suna da yawa, kuma kowannensu zai iya yanka maka faifai ya liƙa masa cibiya, wato guntun ƙarfen tsakiya da sandar injin take shiga, cikin yini guda, amma masu iya saita shi har ya zama abin dogaro ga aikin kafinta mai buƙatar kusurwa daidai ba su da yawa. Wannan sharhi a kan aikin ɗaya daga cikinsu ne, wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe a layukan makanikai da ke kusa da kasuwar Muda Lawal, wanda shagonsa ba shi da ko allon suna, sai dai tarin ɓarzar ƙarfe a bakin ƙofa da ke nuna irin sana'ar da ake yi a ciki.

Faifan da na kai masa na baƙin ƙarfe ne, faɗinsa inci 12, wato kimanin milimita 305, kaurinsa milimita 10, an yanke shi da wutar gas daga babban falle, aka yi waldar cibiya a bayansa. Injin lantarkin kuwa mai ƙarfin doki ɗaya ne, yana juyi kusan 1450 a minti, kamar yadda irinsa suke yi a wutar ƙasar nan, kuma kaurin sandarsa milimita 19 ne. Da zarar an kunna shi sai teburin aikin ya kama makyarkyata, ƙusoshi da fensir su riƙa tafiya da kansu har su faɗo ƙasa, idan kuma aka kara katako a jikin samfefar sai a ji yana buga hannu da sauri da sauri. Samfefar ma ta nuna ciwon a fili, domin ɓangare guda ya cinye ya yi sumul, sauran kuwa kamar ba a taɓa amfani da shi ba.

Abin da ya fara sa na amince da mai shagon shi ne tun kafin ya taɓa faifan ya raba matsalar gida biyu. Ta farko ita ce karkata, wato fuskar faifan ba ta tsaya daidai a kan sandar injin ba, saboda haka a kowane juyi wani gefe yana matsowa gaba wani yana ja baya, kuma wannan ne ke sa katako ya riƙa buga hannu. Ta biyu ita ce rinjayen nauyi, wato wani gefen faifan ya fi wani nauyi, kuma shi ne ke girgiza teburi ko da babu abin da ya taɓa samfefar. Faifai yana iya miƙewa sarai amma nauyinsa ya rinjaya, yana kuma iya daidaita a nauyi amma ya karkace. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu guda, shi ya sa za ka ga an sassaƙe fuska an biya kuɗi an koma gida, injin kuma yana nan yana rawarsa.

Ya kuma ƙi karɓar faifan shi kaɗai. Ya ce mini, "Malam, koma ka ɗauko injin, domin a jikinsa faifan zai zauna, ba a jikin nawa ba." Da aka kawo, sai ya kafa agogon awo, irin wanda kowane layi a fuskarsa yake nufin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ya ɗora bakinsa a kan sandar injin ya juya ta da hannu a hankali. Allurar ta motsa layi biyu kacal, abin da ya nuna sandar lafiyarta ƙalau. Ya kama sandar ya girgiza ta sama da ƙasa, ya tura ta ciki ya jawo waje, don ya ji ko boris ɗin, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye da sandar take juyawa a cikinsu, sun yi sako-sako, domin injin da boris ɗinsa suka mutu babu irin saitin faifan da zai hana shi rawa. Bayan haka ne ya ɗora faifan ya kai bakin agogon kusa da gefensa, a nan allurar ta yi tafiyar da ta haura rabin milimita a juyi guda. Ga mai aikin ƙofa ko benci wannan ba wani abu ba ne, amma ga wanda yake son haɗa kusurwar firam ɗin hoto ko ƙaramin akwati ba tare da an ga tsaga ba, rabin milimita ɓarna ce babba.

Dalilan karkatar guda biyu ne, kuma ya nuna mini su da yatsa. Zafin walda yana sa ƙarfe ya kumbura, idan ya huce kuma ya tsuke ya ja fallen zuwa gefen da aka fi zuba masa wuta, saboda haka duk faifan da aka yi wa waldar cibiya sai ya ɗan lanƙwashe, komai ƙwarewar mai waldar. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a gama walda tukuna, a bar ƙarfen ya huce da kansa ba tare da an watsa masa ruwa ba, sannan a sassaƙa. Dalili na biyu shi ne ramin cibiyar, wanda aka huda da injin huda na hannu, ya fi sandar faɗi da ɗan kaɗan, don haka idan aka ɗaure ƙaramin sukurun da ke riƙe ta sai ya tura cibiyar gefe guda ya kishingiɗar da faifan gaba ɗaya. Kuskuren da ido ba ya gani a cibiya, idan ya isa gefen faifai mai nisan milimita 150 daga tsakiya ya riga ya ninka sau da yawa.

A nan ne aikinsa ya fi burge ni, kuma a nan ne nake ganin kuɗin da mutum zai biya ya halatta. Ya faɗaɗa ramin a kan injinsa, ya sassaƙa wani ɗan bututun ƙarfe ya danna shi ciki da ƙarfi, sannan ya sake huda shi daidai da milimita 19 har sandar injin ta riƙa shiga da ɗan turi ba tare da ta yi motsi ba, ya kuma fitar da gurbin makullin nan mai faɗin milimita 6 da ke hana faifai sulɓewa a kan sanda. Daga nan bai kama faifan ta gefensa ya hau sassaƙa ba, kamar yadda masu gaggawa suke yi. Ya ɗaure wani guntun ƙarfe a bakin injin, ya sassaƙe shi zuwa kaurin sandar injin lantarkin, kuma bai kwance shi ba, a kansa ya zura faifan ya ɗaure. Hikimar ita ce, guntun da aka sassaƙa a wurin yana juyawa daidai da tsakiyar injin ko da haƙoran da suka riƙe shi sun tsufa, saboda haka duk fuskar da aka sassaƙa a kansa za ta tsaya daidai da ramin cibiya, wanda shi ne abin da ake nema tun farko.

Ba kowane injin sassaƙa ne yake ɗaukar faifai mai faɗin inci 12 ba, kuma ya kamata mai niyyar kai irin wannan aiki wani wuri ya tambayi wannan tun kafin ya ɗauko kayansa. Nasa tsohon inji ne mai nauyi, yana da gurbi a gadonsa da ake cirewa don manyan abubuwa su sami wurin juyawa. Ya sa yaronsa ya fara goge gefen faifan da injin gurza, saboda wurin da wutar gas ta yanka yana yin tauri da kaushi, yana kuma dakusar da bakin wuƙar sassaƙa nan da nan. Sannan ya rage gudun injin zuwa can ƙasa. Wuƙar sassaƙa ta ƙarfe mai tauri tana son ta ci baƙin ƙarfe a gudun kimanin mita 30 a minti, kuma a gefen faifai mai wannan faɗi hakan yana nufin juyi talatin da 'yan kai ne kawai a minti. Ya riƙa ɗebe ƙarfen kaɗan-kaɗan, da faifan ya fara kuka yana barin zane-zane a fuskarsa sai ya tsaya, ya manna wani falle na roba a bayansa don ya kashe karkarwar, ya sake wasa wuƙar ya ci gaba. Ya sassaƙe fuska, ya sassaƙe gefe, ya juya ya sassaƙe baya, domin idan an bar bayan yadda yake, kaurin faifan zai bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma wannan bambanci shi ne tushen rinjayen nauyi. Da ya gama ya kara rula ta ƙarfe a fuskar ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa, babu inda haske ya ratsa in ban da ɗan siririn zare a tsakiya.

Wannan lissafin gudu shi ne kuma amsar masu cewa a kunna injin a gida a kara wa faifan magagari ko wuƙa har ya miƙe. Ana yin haka ga faifan katako, kuma yana yiwuwa, amma gefen faifan inci 12 a juyi 1450 yana gudun kimanin mita 23 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 80 a awa, ya ninka gudun da wuƙa take iya cin baƙin ƙarfe fiye da sau arba'in. A wannan gudu wuƙar ƙonewa za ta yi, ko ta fizge daga hannu, kuma ban ga ribar da za ta sa mutum ya yi kasada da yatsunsa ko idonsa a kan haka ba.

Daidaita nauyi kuwa sai da na nema da bakina, kuma wannan ne babban abin da nake ganin ya gaza a shagon. A ganinsa faifan da aka sassaƙe ta kowane gefe ya riga ya daidaita, kuma gaskiya ne cewa sassaƙar tana kawar da mafi yawan rinjayen, amma tudun walda a gindin cibiya da gurbin makulli da sukuru duk suna nan, kuma ba a rarraba suke daidai ba. Ƙaramin nauyi a nan ba abin rainawa ba ne. Giram 10 da suka yi yawa a gefen faifan, a nisan milimita 150 daga tsakiya, idan ana juyi 1450 a minti suna jan sanda da ƙarfin da ya kai nauyin kilo uku da rabi, kuma jan yana zagayawa sau 24 a kowace daƙiƙa. Idan injin mai juyi 2900 ne, ƙarfin ninkawa yake yi sau huɗu, ya kai kimanin kilo 14, kuma boris ne suke shan wannan duka har su gaji. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 1940, wanda yanzu aka mayar ISO 21940, yana da matakin da ake kira G6.3 na kayan injuna na yau da kullum, kuma idan aka yi lissafinsa a kan faifai mai nauyin kilo 5 a wannan gudu, abin da aka yarda ya rage bai wuce kimanin giram ɗaya da rabi a kusa da gefe ba.

Da ya amince zai yi, ya yi shi da kyau gwargwadon kayan da yake da su. Ya kafa wuƙaƙe biyu na injin fere katako a tsaye, bakinsu sama, ya daidaita su da ma'aunin ruwa na magina har suka kwanta daidai, ya zura sanda mai sumul a cibiyar faifan tare da sukurunsa a ɗaure, ya ɗora sandar a kan wuƙaƙen ya saki. Faifan ya mirgina a hankali, ya yi gaba ya dawo, ya tsaya, ya sa alli ya yi alama a ƙasa. Ya juya shi zuwa wani wuri ya sake saki, alamar ta sake komawa ƙasa, wato nan ne nauyin yake. Sai ya riƙa manna ƙananan wosha, wato 'yan zobban ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, da cingam a gefen da ke sama, yana ƙarawa yana ragewa, har faifan ya zama duk inda aka ajiye shi nan yake tsayawa. Aikin dai ɗaya ne da na masu saita tayar mota da suke maƙala dalma a gefen da ya fi sauƙi, sai dai a nan ba a barin abin da aka maƙala, domin zai iya fincikewa a guje, ana cire kwatankwacin nauyinsa ne daga ɗaya gefen. Ba shi da sikelin da zai auna giram, saboda haka da ɗan sikelin girki na lantarki da na zo da shi aka auna woshoshin. Rami mai faɗin milimita 8 da zurfin milimita 4 a baƙin ƙarfe yana cire kimanin giram ɗaya da rabi, da wannan lissafi ya huda 'yan ramuka a bayan faifan ta gefen alamar, bai bari sun ɓulla fuska ba, bai kuma matsa su bakin gefe ba, yana mayar da faifan kan wuƙaƙen bayan kowane rami. Ga siririn faifai irin wannan, daidaitawa a tsaye ta wadatar, ba sai an nemi na'urar da ke auna abu yana juyawa ba, wadda dogayen abubuwa masu kauri suke buƙata.

Sakamakon ya tabbata a kan injin lantarkin kansa, domin kafin in tafi ya ɗora faifan ya sake kafa agogon, allurar da a da take zagaya rabin fuskar agogon yanzu layi uku zuwa huɗu take motsi a gefe. A gida na ɗaure injin a teburi na kunna, ƙarar ta koma gunji siriri mai ɗorewa, fensirin da na ajiye a kan teburin bai motsa ba. Katakon maɗaci da na goge bakinsa a kusurwa mai digiri 45 ya haɗu da ɗan'uwansa ba tsaga, kuma samfefar tana cinyewa daidai a duk faɗinta, abin da ke nufin kowace ɗaya za ta daɗe fiye da da.

Akwai abubuwan da suka rage a wuyan mai injin, waɗanda shagon ba zai yi masa ba, kuma mai shagon bai ambace su ba sai da na tambaya. Faifan yana dawowa da man sassaƙa a jikinsa, kuma samfefa mai gam a baya ba ta kama fuska mai maiƙo, sai an wanke fuskar da tina, wato ruwan tsinka fenti, an bar ta ta bushe. A lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan fuskar cikin 'yan mintuna, kuma ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin takarda tana yin tudun da zai ƙona katako, saboda haka a share a manna nan take. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi gam yana laushi, gefen takarda yana iya ɗagowa, don haka a duba shi kafin kowace kunnawa, da damina kuma a shafa wa bayan faifan da gefensa fenti siriri daidai wa daida saboda tsatsa. Samfefar da aka manna a karkace tana mayar da wani ɓangare na rinjayen da aka sha wahalar cirewa. Teburin da ake ɗora katako ya matso kusa da faifan har tazarar ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, a kuma riƙa aiki a ɓangaren da faifan yake gangarowa ƙasa, domin ɗaya ɓangaren ɗaga katako yake yi ya jefa shi sama. Wanda yake goge ƙarfe da katako a inji guda ya share garin katako kafin ya kara ƙarfe, saboda tartsatsi yana iya kama shi ya ci a ɓoye.

Ta fuskar mu'amala, mai shagon mutum ne mai haƙuri da tambaya, kuma ba ya ɓoye yadda yake aikinsa, amma lokacin da ya yanka mini bai cika ba, saboda injinsa yana buƙatar wuta mai layi uku, kuma idan babu ita sai an tayar da janareta, wanda ba ya tayarwa don ƙaramin aiki guda sai an tara, ko kuma mai kayan ya ɗauki nauyin mai. Manyan ayyukan masu tirela da masu injin niƙa su ne a gaba, ƙaramin aiki irin nawa yana jiran su. Kuɗin aiki ba a rubuce yake ba, ciniki ake yi, kuma ya fi kyau a ambaci daidaita nauyi tun a cikin cinikin farko don kada ya zama ƙari daga baya. Abin da na biya gaba ɗaya bai kusanci kuɗin sabon injin samfefa na kanti ba. Abin da ya dame ni ƙwarai shi ne ganin yaran shagon suna gurza ƙarfe babu tabarau, ɗaya ma da doguwar riga mai faɗin hannu a kusa da inji mai juyawa, na kuma faɗa wa maigidansu haka, ya ce zai duba.

Wanda yake da faifan alminiyam na injin kanti da ya ɗan karkace zai iya kai shi nan, sai dai irin waɗannan faifai sirara ne kuma suna da haƙarƙari a baya, abin da za a iya ɗebewa daga fuskarsu kaɗan ne, idan lanƙwasar ta yi yawa sayen sabo ya fi. Wanda kuma yake shirin haɗa nasa daga farko, ya fi masa sauƙi ya je shagon kafin a yi walda, a sassaƙa masa cibiyar da ramin daidai da sandar injinsa, sannan ya kai wa mai walda, ya dawo a sassaƙe fuska da baya. Ya tafi da injin lantarkin, da makullinsa, da sukurun da zai yi amfani da shi, da ɗan sikeli mai auna giram, ya kuma nemi a nuna masa allurar agogon a kan injinsa kafin ya biya ragowar kuɗin.